Injin Kawu da Bencin Baya

Ranar Talata ta ƙarshe a watan Agusta, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Kawu ya cika a ɗakinsa da ke bayan shagonsa na kafinta, a bakin Kafanchan ta hanyar Madakiya. Mu huɗu ne a wurin: matarsa, wadda kowa ke kira Mama, 'yarsa tilo, wadda nake kira Yaya, faston majami'arsu, sai ni, ɗan ƙanwarsa, da na sauka daga jirgin Kaduna da hantsi. Ana yayyafi. Fasto ya duba agogonsa kafin ya rufe wa mamacin ido, shi ya sa na san lokacin daidai.

Kafin ƙarfe biyar gida ya cika. Matan zumuntar majami'a suka shigo da waƙa, suka zauna a tsakar gida kan tabarmi mai danshi. Tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, abokan aikinsa na da, suka jeru a bencin shago, kowa da laimarsa tsakanin gwiwoyi. 'Yan kasuwa Musulmi suka tsaya a gindin mangwaro, Alhaji maƙwabcinsa mai sayen citta yana gabansu. Wata tsohuwa daga ƙauyenmu ta fara kuka tun daga bakin hanya, ta shigo da shi har tsakiyar gida, ta ga babu mai amsa mata, ta goge ido ta nemi ruwan sha.

Na zauna ina karɓar gaisuwa, ina kuma saurare. Wani tsohon direban jirgi ya ce, "Mutumin nan bai taɓa makara ba." Na kusa da shi ya ce, "Bai kuma taɓa jiran kowa ba." Wata mata ta ce Ubangiji ya ba shi hutu, ta ƙara da cewa, "Mu ma mu ɗan huta." Ta gefenta ta zungure ta. Alhaji dai bai ce komai ba sai, "Allah ya ba da haƙuri," kuma ba Mama ya kalla ba da ya faɗa, wajen murhu ya kalla.

Tambaya ɗaya ce ta zaga gidan. Duk wanda ya durƙusa gaban Mama ya ce sannu da haƙuri, in ya tashi sai ya matso kusa da ni ko da fasto, ya rage murya: "Ya saki yarinyar?"

Yarinyar da ake nufi shekarunta talatin da biyu, tana bakin murhu tana dafa wa baƙi abinci. Shekara biyar ke nan Yaya tana ƙarƙashin horon ikilisiya. Ba ta cin jibin Ubangiji, wato gurasar da ake raba wa masu bi a majami'a, ba ta shiga cikin mawaƙa, ba za a ɗaura mata aure a majami'a ba, wurin zamanta kuma shi ne bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Ubanta ne ya kai ƙararta, cewa ta ƙona masa injin wuta, ta kuma yi ƙarya. Hanyar fita biyu ce kawai: ko ta amsa laifin a gaban jama'a, ko shi ya janye maganarsa. Ta ƙi amsawa. Shi ya sa kowa ke son sanin abin da ya faɗa kafin ya cika. Amsar ba ta kalma ɗaya ba ce, ba kuma za a gane ta ba sai an san mutumin.

An yi wa'azi a kansa, an ce ya yi wa Ubangiji hidima, kuma gaskiya ne. Ni sauran nake rubutawa, don kada a manta da shi, kada kuma a tuna da wani mutum dabam a ba shi sunansa.

Kawu ya yi shekaru masu yawa yana gyaran wayoyin lantarki a ma'aikatar jirgin ƙasa. Da ya yi ritaya, bayan an gama yaƙi, sai ya sayi ƙaramin janareta mai shan fetur, irin wanda mutum biyu ke iya ɗauka, ya buɗe shagon kafinta. Lantarkin gwamnati bai iso unguwar ba. Da wannan inji yake juya zarto da abin huda katako, yana yin ƙofofi da bencina da akwatunan gawa. In akwai taro a majami'a ko biki a gari, sai a ɗora injin a amalanke, shi yana tafe a gefe, hannunsa ɗaya a kai. Bai taɓa ba da aronsa ba. Inda injin ya je, nan shi ma ya je. Ba ya cewa janareta. Inji yake cewa, ko kuma "mutumin". In ka zo da aiki da sassafe sai ya ce ka jira, mutumin bai karya ba tukuna, wato bai zuba masa mai ba.

Da ƙwan lantarki yake lissafinsa. A jikin injin akwai ɗan faifan ƙarfe da aka rubuta iyakar ƙarfinsa, Kawu ya mayar da wannan zuwa ƙwai, ya ce mutumin na ɗaukar manyan ƙwai ashirin. Kowane abu kuma da nauyinsa. Fanka ƙwai ɗaya ce, lasifika biyu, dutsen guga goma. Butar shayi ta lantarki goma sha biyar, ba ya ma son a ambace ta a gidansa. "Duk abin da yana yin zafi, ɓarawo ne," in ji shi. Abin da ke da inji mai juyawa a cikinsa kuwa, kamar zarto ko firji, shi yake kira munafuki, domin yana tafiya da kaɗan, amma lokacin da zai tashi sai ya haɗiyi ninki uku kafin ya sauko. Saboda haka a kan tashinsa ake lissafa shi, ba a kan tafiyarsa ba.

Bai taɓa kai injin ashirin ba. Goma sha shida ce iyaka. "Huɗun nan na numfashi ne. Kai in an cika maka baki da tuwo, ta ina za ka yi magana?" Yana tayar da shi babu komai a jikinsa, ya bar shi ya ɗumama, ya sa mafi nauyi tukuna, ya karkata kunne har muryar injin ta daidaita, sannan ya sa na biye. In ƙwai suka yi ja, ko murya ta yi ƙasa, ba ya shawara da kowa, na ƙarshe yake zarewa, ko da fankar da ke kan amarya ce. Kafin ya kashe, sai ya sauke komai. Ba ya jan wuta zuwa nesa da siririyar waya, ba ya barin waya a naɗe tana aiki. Yakan bi ta da tafin hannu, in ya ji ɗumi ya san an yi mata yawa.

Sai kuma fis, 'yar siririyar waya a cikin farin tangaran, wadda ke tsinkewa in nauyi ya wuce kima, wuta ta ɗauke kafin injin ya ji ciwo. Kawu na ajiye irinta a gwangwanin taba a aljihun gaba. Ya tsani masu ɗaure fis da waya mai kauri don kada ya riƙa tsinkewa. Na ji shi yana ce wa wani makaniki, "Wanda ya yi haka, ya kashe mai gadi ne don kada ihu ya dame shi."

A wani biki, yayan ango, malamin makaranta ne, ya sulale ya sa butar shayi ba tare da ya tambaya ba. Kawu ya ji canjin murya daga inda yake cin abinci. Ya ajiye cokali, ya je ya zare butar, ya ciro filaya ya datse kan wayar, ya saka wa malamin a aljihun kwat, ya dawo ya ci gaba da shinkafarsa. Malamin ya biyo shi yana cewa ai shi ma ya karanta kimiyya. Kawu ya ce, "To je ka dafa shayi da shi."

Da wannan ma'auni yake auna mutane. Baƙon da ya wuce kwana uku ya zama lodi. Da idon Mama ya fara dushewa, ta riƙa neman a kama mata hannu in za ta miƙe, sai ya ce ta zama firji, tashinta ya fi tafiyarta cin wuta. A gabanta ya faɗa, a gaban baƙi, yana dariya. Ita ma ta yi dariya, don ba ta da wani abin yi.

Hausarsa irin ta mutanenmu ce, wadda aka koya a kasuwa da majami'a bayan yaren gida. Ba ruwansa da "ta" da "ya". Mace, namiji, akuya, inji, duk "shi" ne a bakinsa. "Mama ya tafi kasuwa." Da na fara aiki a gidan rediyo ya sa mini suna ɗan rediyo, in na gyara masa sai ya ce, "Ka gane ko ba ka gane ba? To me ya rage?"

Akwai kuma wannan. Shekarar da guguwa ta yaye rufin ɗakin ajiyar Alhaji, busasshiyar citta na ciki, hadari kuma na sake haɗowa, Kawu bai jira a roƙe shi ba. Ya turo amalanke, ya kafa zarto a ƙofar gidan, kwana biyu yana yanka katako har aka mayar da kwano. Alhaji ya aiko da abin godiya, ya mayar masa. "Maƙwabci ba ƙwai ba ne, ba a ƙirga shi." Marasa galihu da ya yi wa akwatin gawa kyauta suna da yawa, bai kuma taɓa yi musu da ruɓaɓɓen katako ba. Wannan ma shi ne.

Ba shi da ɗa namiji, bai kuma yarda da hannun kowa a shago ba, saboda haka Yaya ce hannunsa. Ita ke riƙe katako, ita ke jan igiyar tayar da inji in ciwon kafaɗarsa ya motsa. Ta san lissafin ƙwai kamar addu'ar Ubangiji. Ita ce kuma mai ba da waƙa a cikin mawaƙa, har an kawo gaisuwar aurenta daga gidan wani malamin firamare na Fadan Kagoma.

Abin ya faru ne a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ranar da aka keɓe sabuwar majami'a, da rana tsaka. Ina wurin, amma ina ciki wajen lasifika. Abin da ya faru a bayan gini ban gani ba. Daga bakin Alhaji na ji, wanda ya zo taya maƙwabcinsa murna, ya tsaya tare da shi a gindin inji tun da ba zai shiga ciki ba. Na sa ya maimaita mini sau uku a shekaru daban-daban, bai canja komai ba.

Da safe Yaya ta goge ɗankwalayen mawaƙa da dutsen guga, da izinin ubanta, kafin a sa wani abu. Ta zare shi, ta ajiye a kan tagar baya, ta shiga waƙa. Kawu ya sa fankoki shida saboda manyan baƙi, da lasifika, da ƙwai shida na gaban bagade. Goma sha huɗu ke nan. Sai masu karɓar baƙi suka iso da firjin aro cike da lemun kwalba, da butar shayi. Kawu ya ce a'a. Wani dattijon ikilisiya da suka daɗe suna takun saƙa ya ce, yadda kowa zai ji, "Ku bar shi. Jakinsa ya tsufa, ba ya iya kaya." Ya faɗa ya shige ciki. A daidai lokacin shugaban taro yana gaya wa baƙi ta lasifika cewa garin nan akwai dattijo mai injin da babu abin da ya gagare shi.

Kawu ya ce a sa firjin. Fis ya tsinke, lasifika ta mutu a tsakiyar addu'ar babban baƙo, aka ji dariya daga wajen matasa. Ya sauya fis, firji ya sake yunƙurin tashi, fis ya sake tsinkewa. Aka aiko daga ciki a tambaya ko injin wa ne wannan. Kawu ya mayar da gwangwanin taba aljihu, ya tsinci guntun wayar tagulla mai kaurin ƙusa a ƙasa, ya fere ta, ya ɗaure fis da ita. Wuta ta dawo, ta zauna. Ya leƙa ta taga ya ce wa masu karɓar baƙi, "Ku sa butar ma."

Alhaji ya ce, "Injiniya, muryarsa ta canja fa."

Kawu ya ce, "Na ji."

Bai zare komai ba. Ba a yi rubu'in awa ba sai wari ya tashi, irin na ƙonannen fenti, sai hayaƙi, sai shiru.

Kafin jama'a su fito ya riga ya cire wayar tagullar ya jefa cikin ciyawa. Masu buta suka zare ta suka rufe da zane, su ma ba sa son a ambace su. Da mutane suka taru, Kawu ya ɗauki dutsen guga daga taga, ya ɗaga shi sama, ya kira 'yarsa daga cikin mawaƙa.

"Shi ne. Ya sa dutse a kan lodi. Na hana shi, bai ji ba."

Yaya ta ce, "Baba, tun safe na zare."

"A gidan Allah kana ƙarya?"

Alhaji ya miƙa hannu ya taɓa gindin dutsen, ya ce, "Dutsen nan da sanyi." Babu wanda ya juyo. Babu kuma wanda ya tambayi abin da ya hana fis tsinkewa, domin duk garin mutum ɗaya ne ya san a yi wannan tambaya.

Majalisar dattawa ta zauna bayan mako guda, Kawu ɗaya daga cikinsu. Alhaji ya zo har ƙofa da babbar riga. Aka gode masa, aka ba shi kujera a inuwa, aka ce shari'ar ta 'yan ikilisiya ce, shaidar na waje ba ta shiga. Aka tambayi Yaya sau uku, sau uku ta ce, "Ban sa ba." Suka ce ba don inji suka hore ta ba, don taurin kai ne da ƙaryata uba.

Sabuwar majami'a ba ta da bencin masu horo tukuna. Kawu ne ya yi shi, da zarton hannu, tun da injin na Jos ana sake naɗa masa waya. Aiki ne mai kyau, na maɗaci, babu kan ƙusa ko ɗaya a waje. Bai sa masa abin jingina ba.

Malamin Fadan Kagoma ya jira shekara biyu. Ya roƙe ta ta amsa kawai a wuce wurin, ai kalma biyu ce. Ta ce in ta buɗe aure da ƙarya, da me za ta rufe shi. Ya auri wata. Kawu ne ya kai inji bikin, kafaɗarsa kuma na ciwo a ranar, Yaya ce ta ja igiya.

Injin ya dawo da rauni. Kawu ya sauke iyakarsa zuwa goma sha biyu, bai kuma sake yin kuskure ba har ya mutu. Sunansa ma ƙaruwa ya yi. Da ƙananan injuna suka fara yawa, mutane kan zo daga Kachia da ƙauyuka su tambaye shi yadda ake lodi. Yana koya musu da kyau, ba ya ɓoye komai, ba ya karɓar komai. Injuna da yawa a ƙasar nan suna raye saboda shi. In ya gama sai ya kira Yaya ta kawo wa baƙi ruwa, ya nuna ta da leɓe: "Ku tambaye shi abin da dutsen guga yana yi." Takan ajiye kofuna ta koma.

Na taɓa ce mata ta zo Kaduna, akwai majami'un da ba su san zancen ba. Ta ce takardar sauya majami'a sai dattawa sun sa hannu, kuma za su rubuta dalili. Ta ce, "Kuma wa zai kama wa Mama hannu? Shi?"

Bara, da ciwo ya fara zaunar da shi, Alhaji ya same shi shi kaɗai a shago da hantsi, an kawo musu shayi.

"Injiniya, ni da kai mun tsufa. Ka sauke wa yarinyar nan kaya."

"Wane kaya?"

"Ina tsaye a wurin. Na ga wayar."

Kawu ya ciro gwangwanin taba, ya zaro siririyar waya ɗaya, ya ɗora a tafin Alhaji. "Ka san me ya sa an yi shi siriri? Da gangan ne. In wahala ya zo, shi ya ƙone, inji ya tsira. Majami'a yana kaina. Shago yana kaina. Gida yana kaina. In na tashi na ce ni ne, wa zai sake jin maganata? Shi kuma me yana kansa?"

"'Yarka ce, ba waya ba."

"Sha shayinka, Alhaji, yana hucewa."

Alhaji ya ce wata guda bai sake taka shagon ba. Daga baya ya koma, don maƙwabci ne, kuma har yanzu rufin nan ne a kan cittarsa.

Wata huɗu Kawu na kwance. Yaya ce ta juya shi, ta wanke shi, ta ba shi kunu da cokali. Faston yanzu sabo ne, daga wata ƙabila, bai ga ranar keɓewa ba amma ya ji labari. Saboda shi ne aka yi maganar ƙarshe da Hausa. Da misalin ƙarfe huɗu na ranar Talatar, ya gama karanta zabura, ya rusuna kusa da kunnen Kawu.

"Baba, lokaci ya yi kusa. Maganar ranar da inji ya ƙone. Akwai abin da kake so ka ce a gaban Ubangiji da iyalinka?"

Kawu ya buɗe ido ya dubi ƙofa. Yaya na tsaye a bakin ƙofar da kwanon ruwa. A bayanta, a rumfar shago, ana hango injin a rufe da tamfol. Daga inda kansa yake, su biyun a layi ɗaya suke. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, da murya sarai, "Ba laifinsa ba ne. Ku bar shi ya huta."

Fasto ya ce, "Wa, Baba? Wa kake nufi?"

Kawu ya rufe ido. Ya yi kusan minti goma yana numfashi, kuma yana ji, don da Mama ta yi tari ya yamutsa fuska. Bai ƙara ko kalma ba. Mama ta ce, "Ya sake shi. Na gode wa Yesu, ya sake shi." Yaya ta ajiye kwanon a hankali, ta zauna a ƙasa.

Ban san wanda yake nufi ba. Na dai san sunan 'yarsa gaɓa biyu ne, kuma yana da numfashin faɗarsa. Masu tambaya a tsakar gida kuwa, fasto ya ce musu dattawa za su zauna.

Sun zauna ranar Alhamis, ranar jana'iza, da ƙarfe takwas na safe, a ɗakin bayan majami'a. Su bakwai ne, dattijon nan mai maganar jaki shi ne shugabansu yanzu. Abin da ke gabansu shi ne ko Yaya za ta zauna a bencin gaba tare da iyali, ko a wurinta na baya. Ina waje da Mama, ana jin su ta taga. Fasto ya maimaita kalmomin. Wani ya ce, "Yarinya ne yana nufi, kowa ya san yadda yana magana." Wani ya ce, "Fasto, ba ka ce ranar da inji ya ƙone ba? A kan inji ka tambaya, a kan inji ya amsa." Aka yi ta ja. In aka ce yarinyar ce, to majalisa ta yi shekara biyar kan kuskure, dattijon da za a binne da girma kuma maƙaryaci ne. Babu wanda ya faɗi haka. Sai shugaba ya ce, "Muna da ɗan rediyo. Hausa aikinsa ne. A kira shi."

Na shiga. Shugaba ya ce, "Ɗanmu, ka ji da kunnenka?"

"Na ji, Baba."

"A Hausa na gaskiya, wanda kuna karanta labarai da shi, 'laifinsa' na mace ne ko na namiji?"

"Na namiji ne. Na mace 'laifinta'. Amma Kawu bai taɓa..."

"Inji mace ne ko namiji?"

"Namiji. Amma a bakin Kawu..."

"Ba mu tambaye ka bakin Kawu ba. Mai bakin ba ya nan."

Na ƙarasa maganata a tsaye. Suka bar ni na gama cikin ladabi, magatakarda bai ɗaga alƙalami ba. Duk tsawon zaman nan babu ɗaya daga cikin su bakwai da ya ce wa Yaya "ita".

Aka kira ta. Shugaba ya yi mata magana da taushi. "Ubanka ya tafi. Ƙofa ɗaya ya rufe, ɗaya yana buɗe. Ka ce 'ni ne', yau ɗin nan ka zauna a gaba kusa da uwarka, an gama."

Yaya ta dubi ƙasa, ta dubi fasto. Fasto yana kallon Littafinsa. Ta ce, "Baba, ban sa ba."

"To."

Har sun miƙe sai magatakarda ya tuna musu cewa jama'a sun yi yawa, majami'a ba za ta ɗauke su ba, dole a sa lasifika don na waje, kuma wa zai tayar da inji. Babu wanda ya taɓa taɓa shi sai mutum biyu, ɗaya na cikin akwati. Shugaba ya ce, "Horo bai hana aiki ba."

Yaya ce ta turo amalanken. Ta kafa injin a bayan gini, ta tayar da shi babu komai a jikinsa, ta jira ya ɗumama. Aka nemi fankoki takwas da ƙwai huɗu ban da lasifika. Ta ba da fankoki shida. Aka aiko a ce manyan baƙi na jin zafi, ta ce a gaya musu goma sha biyu ne, babu ƙari. Ni na kama wa Mama hannu zuwa bencin gaba. Fasto ya yi wa'azi a kan bawa mai aminci, na waje suka ji kowace kalma. Wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya. Da aka fito da akwatin, Yaya na can tana sauke lodi ɗaya bayan ɗaya, sai da ta kashe injin ta rufe shi sannan ta bi bayan jama'a. Ta iso an fara zuba ƙasa.

An binne shi da ƙarfe ɗaya da rabi. Na tsaya har Lahadi, wadda ita ce ta farko a watan Satumba, ranar jibin Ubangiji. Mai raba gurasa ya bi benci bayan benci, ya kai na biyun ƙarshe, ya juya. Yaya na zaune a wurinta.